Kwamfutar gwanjo: lissafi kafin a miƙa kuɗi

Duk lokacin da aka koma karatu a jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tahoua, kasuwar kwamfutar gwanjo kan buɗe. Ɗalibi na neman abin rubuta kundin kammala karatu, matashin da ya buɗe shagon buga takardu na neman abin aiki, ɗan'uwa da ke ci-rani kuma ya turo kuɗi ya ce a saya. Tambayar da akasari ake yi wa mai shago ita ce "nawa ne?" Kamata ya yi mai saye ya fara tambayar kansa nawa na'urar za ta ci masa a kowace shekara da zai yi aiki da ita.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki misali kawai: sabuwa a jika 300 na sefa, ana sa ran ta yi shekara 5, wato jika 60 ke nan a shekara. Ga ta gwanjo a jika 120, batirinta ya gaji, sai an sauya shi a jika 20, kuɗi ya zama jika 140. A ƙaddara cewa a cikin irinta guda 10, guda 3 za su mutu bayan shekara ɗaya, 7 kuma su yi shekara 3. Idan aka haɗa aka raba, kowace na da shekara 2 da kusan wata 5. Jika 140 a kan wannan lokaci ya kama kusan jika 58 a shekara. Abin da aka ɗauka rabin kuɗi ne, ashe kusan kunnen doki suke da sabuwar.

Idan guda 5 ne cikin 10 ke mutuwa da wuri, kuɗin shekara ya haura zuwa jika 70, gwanjon ya fi sabuwa tsada. Idan guda ɗaya ce tak, ya sauko zuwa jika 50, a nan an yi riba. Ke nan riba ko asara ta rataya ne a kan yiwuwar lalacewa, kuma mai saye na da ikon rage ta. Ya cire caja ya bar na'urar tana aiki na awa guda, ya ga yadda batir ke sauka da yadda take ɗaukar zafi. Ya gwada kowane madanni da kowace kafar USB. Ya tabbatar ba a kulle ta da kalmar sirrin tsohon kamfanin da ya yi amfani da ita ba. Ma'ajiyar SSD ta fi tsohuwar HDD jure jijjigar kabu-kabu, domin ba ta da faifan da ke juyawa.

Yanayin ƙasar ma yana cikin lissafin. Zafin watannin Afrilu da Mayu kan wuce digiri 40, ƙurar hunturu na toshe fanka, ɗaukewar wuta da dawowarta na kashe caja. Ga kuma batun Windows 10, wadda kamfanin Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina kula da ita, alhali Windows 11 na buƙatar Intel ƙarni na 8 zuwa sama. Na'urar da ta gaza haka shekarunta na amfani sun ragu, dole farashinta ma ya ragu. Masu aiko da na'ura daga Amurka su tuna cewa madannansu QWERTY ne, mai rubutu da Faransanci kuwa ya saba da AZERTY.

Akwai abin da matsakaicin lissafi ba ya nunawa. Shagon da ya sayi guda 10 zai iya jure mutuwar 3. Ɗalibar da ta yi shekara tana zubin adashi ta sayi guda ɗaya, idan tata ce ta mutu ana saura mako biyu ta miƙa kundinta, ta rasa kuɗin, ta rasa aikin. Wanda ba zai iya ɗaukar irin wannan asara ba, gara ya ƙara kuɗi ya sayi mai garanti, ya kuma riƙa ajiye kwafin aikinsa a wani wuri dabam.

Ƴan kasuwa su ma akwai nauyi a kansu. Takardar shaidar saye mai ɗauke da lambar na'ura, da garantin ko da wata ɗaya, ba za su karya mai shago na gaskiya ba. Wanda ya ƙi bayarwa ya riga ya faɗi abin da ya sani game da kayansa. Hukumomi kuma su tuna da yarjejeniyar Bamako ta 1991, wadda ta hana shigo da shara mai guba Afirka, kuma Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da ita. Matacciyar kwamfuta da aka shigo da ita da sunan gwanjo shara ce, bai kamata matashi ya biya kuɗinta da guminsa ba.

Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Kafin a miƙa kuɗi, a ɗauki biro da takarda, a rubuta farashi, gyaran da ya zama dole, da shekarun da ake sa rai, sannan a raba.