Wa Ke Riƙe Da Akalar Malamin Gobe?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, jami'o'in duniya sun fito da tsarin haɗa ɗalibai masu koyon aikin malanta da takwarorinsu na wasu ƙasashe ta intanet, domin kowa ya fahimci al'adun wani. A 2015 Amurka ta kafa shirin Stevens, mai haɗa matasanta da na ƙasashen Larabawa. A 2018 Tarayyar Turai ta fito da irinsa ƙarƙashin Erasmus.

Masu cewa wannan haramun ne kai tsaye, ina hujjarsu? Aya ta 13 cikin Suratul Hujurat ta bayyana hikimar rarraba mutane al'ummomi da ƙabilu, wato sanin juna. Manzon Allah (SAW) da kansa ya umarci Zaidu ɗan Sabit (RA) ya koyi rubutun Yahudawa. Gudun sanin duniya rauni ne da aka yafa wa rigar taƙawa.

Amma masu karɓar duk abin da ya zo ido rufe sun fi ba mu tsoro. Wa ke zaɓen darussan da ake tattaunawa? Da harshen wa? Da ma'aunin wa ake auna wanda ya waye? Mu tuna Turawan mulkin mallaka sun kafa Kwalejin Katsina a 1921 domin horar da malamai, don sun san wanda ya mallaki malami ya mallaki ajinsa. Ɗalibin da bai san Tauhidi ba, bai taɓa buɗe littafin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba, idan aka tambaye shi hukuncin hijabi ko rabon gado, me zai ce? Sai sunkuyar da kai da neman afuwa! Sa'annan ya shiga aji ya shayar da yaranmu wannan kunyar shekara talatin.

Saboda haka muna kira ga shugabannin kwalejojin ilimi: kafin a zaunar da ɗalibi gaban kwamfuta a karantar da shi aƙidarsa da ladubban jayayya. Malamanmu su sa hannu a tsara darussan. A nemi abokan musaya a Masar da Malesiya da Indonesiya, kamar yadda ake nema a Ingila. Da tsoron Allah da hujja ake shiga wannan fage.

Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon binta. Wassalamu alaikum.