KALMAR "BEE" DA GAYYAR TURAWA

Zuwa ga Edita, ina roƙo ka ba ni filina na kowane mako, don in amsa wa wani malamin makaranta na ƙasar Gwaram, wanda ya aiko mini da takarda yana cikin damuwa.

Ya ce an kai yaransa wata gasa da ake kira Spelling Bee. Da suka komo sai wani yaro ya tashi a aji ya tambaye shi, me ya haɗa ƙudan zuma da haɗa baƙi? Malam ya rasa ta cewa, sai ya ce wai don yara suna guna-guni kamar zuma a amya. Yaro ya yi shiru, amma Malam bai sami barci ba, don ya san amsar daga kansa ya ƙago ta. Madalla da malamin da ke jin kunyar irin wannan.

To, Malam, ga abin da ke nan. Mu Hausawa kalma guda gare mu. In mutumin Birnin Kudu ya ce zuma ta harbe shi, ko ya ce ya sha zuma, ba mai ruɗewa, in kuwa ana son bambantawa sai a ce ƙudan zuma. Turawan Ingila biyu gare su: ƙwaron shi ne bee, ruwan kuwa honey. Kalmar bee ta haura shekara 1000 a bakinsu. Kakanninsu beo suke cewa, Jamusawa kuma har gobe Biene suke cewa, mutanen Holan bij, duk tsatso guda. Wadda ke mulkin amya, da farko uwar zuma suke kiranta, daga baya masu ilminsu suka bi Girkawa suka mai da ita sarki, sai a 1609 wani limamin coci, Charles Butler, ya rubuta littafi ya kafe a kan mace ce.

Amma bee ɗin da ta dami Malam wata ce dabam, a Amurka ta yi ƙarfi. Ma'anarta gayya. Wanda ya taɓa ganin gayyar noma a ƙauyukan da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, inda mai gona zai bi gida gida ya roƙi samari, a tuƙa tuwo, a dama fura, makaɗi ya tsaya a bakin kunya, ai ya riga ya san ta. Manoman Amurka haka suke taruwa su ɓare wa maƙwabci masara, mata su taru su ɗinka bargo ko su yi kaɗi, kowane taro su kira shi bee. A 1769 wata jaridar birnin Boston ta ba da labarin matan da suka yi irin wannan gayyar kaɗi, a zamanin da mutanen can suka ƙi sayen tufafin Ingila. Sannu a hankali sunan ya koma kan taron yara masu gwada haɗa baƙi. Babbar gasarsu ta ƙasa an fara ta a 1925, da yara 9, wani ɗan shekara 11, Frank Neuhauser, ya cinye.

Masana sun rabu a kan asalinta. Waɗansu sun ce daga ƙwaron ne, saboda yadda yake aiki taro taro. Waɗansu kuwa sun ce daga wata tsohuwar kalma ce ta ƙauyukan Ingila, been, watau taimakon da maƙwabta kan yi wa mutum, ita kuma daga bene, mai nufin roƙo. Ni na fi karkata ga na biyu, domin namu ma haka yake: ba a yin gayya sai an gayyata.

Saboda haka, Malam, gobe ka kira yaron nan gaban aji, ka ce masa ka bincika, ga abin da ka samo. In za ku rubuta sunan gasar a allo da Hausa, ku rubuta gasar haɗa baƙi, ku bar zuma a kan ɗorawa.

Haza wassalam. Ni ne naku,
Akawu, Birnin Kudu.