"Gie it laldy", da jan ajin da ke cin mu a makaranta

Jama'a, ku ara min minti biyu. Ina tsaka da karatun kwas ɗin harshe da al'umma na ci karo da wata magana ta mutanen Sikotilan, kuma har yau ta ƙi barin raina: "gie it laldy". Da harshen Sikots ake faɗin ta, ɗan'uwan Ingilishi, wanda a ƙidayar 2011 mutum kusan miliyan 1.5 suka ce suna magana da shi. An fi jin ta a wajajen Gilasgo. Ma'anarta ka yi abu da iya ƙarfinka, kar ka rage komai. Asali "laldy" duka ne, irin wanda ake lakaɗa wa yaro mai ƙiriniya. Wato ka jibgi abin nan, kamar dai mu ce wa direba "ba ta wuta!"

Abin da ya fi burge ni, ba ruwan maganar da ƙwarewa. Magoya baya a filin Hampden suna waƙa har murya ta dishe, ko wani dattijo a wajen biki da muryarsa kamar ta kwaɗo amma ya ƙi ajiye makirfo, duk su ake nufi. Yabo ne, ko da dariya a ciki.

Mu kuwa a nan, jan aji ya hana mu sakat. Kowa na tsoron a ga yana ƙoƙari. Ka kwana a laburare, da safe ka ce "wallahi ko buɗe littafi ban yi ba". Ranar al'adu ɗalibanmu na Arewa za su sha kwalliya, a kira su fili su tsaya suna danna waya, alhali 'yan'uwanmu Yarbawa da Ibo sun tada ƙura.

Ni ma ban tsira ba. Makon jiya na gabatar da tsarin bincikena na digiri na biyu, aikin wata huɗu, amma na yi ta magana ƙasa-ƙasa don kar a ce na cika rawar kai. Malamina ya tsayar da ni ya ce, "Idan kai ba ka yarda da aikinka ba, don me ni zan yarda?" Aka ɗage ni zuwa wata mai zuwa.

Yanzu kullum bayan isha'i a tsaye nake a ɗaki ina maimaitawa da ƙarfi. Maƙwabcina ya riga ya buga bango sau biyu.