Harafi Ɗaya Tsakanin Rabawa da Bugawa

'Yan uwa malamai, kwanakin baya na zauna ina taya wasu abokan aiki duba takardunsu na neman ƙarin girma, sai na yi ta cin karo da jimla guda: "to impact knowledge". Abin da suke nufi shi ne "to impart knowledge". Harafi ɗaya ne ya raba kalmomin biyu, kuma a bakinmu furucinsu ya yi kusa ƙwarai, shi ya sa kuskuren ya zama ruwan dare har a jawaban manya. Amma a ma'ana akwai tafiya mai nisa tsakaninsu, kuma a ganina tafiyar ta shafi ainihin sana'armu.

Kalmar "impart" ta shiga Ingilishi a ƙarni na 15, ta hanyar Faransanci, daga Latin. Saiwarta ita ce "pars", wato kaso ko rabo, wadda ita ce kuma ta haifi "part". Ma'anarta ta asali ke nan: ka ba wani kaso daga abin da ke hannunka. Wajen amfani, abin da ake rabawa shi ke bin ta, sannan "to", sannan mai karɓa: "impart knowledge to pupils". Ita kuwa "impact" ta samo asali ne daga wata kalmar Latin mai nufin bugawa ko dankarawa, daga baya ta ɗauki ma'anar tasiri. Daidai ne a ce malami ya yi "impact on pupils", wato ya yi tasiri a kansu. Wanda ya rubuta "impact knowledge" kuwa, ilimin ya ce zai buga.

Mu mutanen Kura da Bunkure ba sai an yi mana dogon bayani a kan rabo ba. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aikin da gwamnatin Audu Bako ta faro, rayuwarmu ta rataya a kan rabon ruwa. Ruwa yakan baro babbar magudana ya shiga ƙanana, har ya isa fadamar shinkafa, alkama da tumatir. Kowane manomi ya san ba cikar madatsa ke ciyar da shi ba, isowar ruwa gonarsa ne. Ya kuma san kukan wanda gonarsa ke can ƙarshen magudana: idan ciyawa da laka suka toshe hanya, na gaba ya sha ya ƙoshi, na baya ya zuba wa shukarsa ido tana bushewa.

Ajinmu ma yana da ƙarshen magudana. Akwai yaron da ke bencin baya, wanda muryarmu ba ta kai masa sosai. Akwai wanda yakan ɓace lokacin dashen shinkafa ko tsinkar tumatir, ya dawo ya tarar an wuce shi. Akwai yarinyar da ke jin kunyar ɗaga hannu. Malamin da ya ɗauki aikinsa bugawa, zai cika allo da rubutu, ya ɗaga bulala, ya ce ya sauke nauyi. Wanda ya ɗauke shi rabawa kuwa, ba zai natsu ba sai ya bi sawun darasinsa ya ga inda ya tsaya, ya yashe hanyar, ko da ta kama ya maimaita da Hausa.

Na san za a ce ɗalibai sun yi yawa, kayan aiki sun yi kaɗan, haƙƙoƙinmu kuma sukan makara. Gaskiya ne, kuma ƙungiyarmu ta NUT, tun kafuwarta a 1931, a kan irin wannan take fafutika. Sai dai hujjarmu a gaban hukuma za ta fi ƙarfi idan iyaye sun shaida cewa ɗan abin da ke hannunmu muna kai shi ga kowane yaro.

Saboda haka mu gyara kalmar a takardunmu, mu gyara wa juna cikin mutunci, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mu kuma tuna fifikon da rabonmu yake da shi a kan na manomi: ruwa yana raguwa idan an raba, ilimi kuwa ƙaruwa yake yi. Allah Ya sa mu dace.