Zaman Ofis Bai Taɓa Hana Ɓarawo Sata ba

Tun da Sam Altman na OpenAI ya ce a 2023 aiki daga nesa yana cikin manyan kurakuran masana'antar fasaha, masu zuba jari suka samu abin fakewa. Amazon kuma ta zo ta tilasta wa ma'aikatanta komawa ofis kwana biyar a mako daga Janairun 2025. Yanzu duk yaron da ya kafa ƙaramin kamfani, kafin a duba abin da ya ƙera sai an tambaye shi ina ofishinsa. Wai amana sai ido da ido.

Wannan magana ƙarya ce, kuma masu yin ta sun sani. Sam Bankman-Fried da manyan mutanensa a gida ɗaya suke kwana a Bahamas, duk da haka kimanin dala biliyan 8 na masu ajiya suka salwanta a kamfaninsa FTX, aka yanke masa ɗaurin shekara 25. Elizabeth Holmes ta kasance tana da katafaren ofis a Palo Alto, manyan mutane suna shiga suna fita, na'urar kamfaninta Theranos kuwa ba ta aikin da aka ce tana yi. Dash ta Ghana ta tara sama da dala miliyan 80 ta rufe a 2023, bayan rahotannin kumbura adadin masu hulɗa da ita. Wane mai rubuta manhaja daga ɗakin mahaifiyarsa ne ya ci wannan amanar? Shugabanni ne suka ci, masu kuɗi suna zaune kusa da su ba su buɗe littafin lissafi ba.

Za a ce sabon kamfani yana buƙatar mutanensa a wuri ɗaya. GitLab ba ta da ofis, ƙa'idojin aikinta a rubuce suke kowa na iya karantawa, ta kuma shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a 2021. Wannan ya isa amsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne manhajar leƙen asiri da ake ɗora wa kwamfutar ma'aikaci, tana ɗaukar hoton allonsa, tana ƙirga sau nawa ya taɓa maɓalli. Yaro ya sayi data da kuɗinsa, ya zuba fetur a janareta da kuɗinsa, albashinsa ya makara, ba wanda ya kira shi ya ce masa asusu ya yi ƙasa. Sannan a zauna taro a ce shi ne ba a yarda da shi ba! Wa ya fara karya alkawari?

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan harka. Fataken Kano sun yi cinikin goro har Salaga a ƙasar Gonja, kuma a unguwar Sabo ta Ibadan an daɗe ana ba mahauta shanu bashi bisa lamunin maigida, mai dukiyar yana can arewa. Biyan bashi a ranarsa ne ya riƙe wannan kasuwa.

Kuma mu faɗi gaskiya, a Najeriya "ku buɗe ofis" sau da yawa nufinsa ku tattara ku koma Legas. Tsohuwar wariya ce: sai ka kama haya a Yaba ko Lekki ake ɗaukarka ɗan kasuwa, wanda ke Kano ko Kaduna kuwa ɗan koyo ne har abada. Jarin da bai kai ya kawo ba sai ya ƙare a aljihun mai gidan haya. Mai zuba jarin da ke tsoron kuɗinsa ya nemi bayanan asusun banki duk wata, ya kira kwastomomi da kansa, ya tambayi ma'aikata ko an biya su.