Ƙafar Gaban Motar Daji: A Zaɓi Wadda Bakanike Zai Iya Gyarawa

Duk mai son ya mayar da motarsa ta daji, yakan fara da manyan tayoyi da ɗaga jiki. Amma abin da ke yanke hukunci a hanyar da babu kwalta shi ne ƙafar gaba. Iri biyu ake da su. Akwai aksil guda, ƙarfe ɗaya mai haɗe tayoyin gaba biyu, irin na Land Cruiser 70 da Toyota ta fara ƙerawa a 1984 da na Jeep Wrangler. Akwai kuma wadda kowace taya ke cin gashin kanta, da hannayenta da shaft ɗinta, irin ta Hilux ta yanzu da Ford Raptor. Ra'ayina shi ne, ga mai ɗaukar kaya zuwa nesa da gareji, aksil guda ya fi.

Idan taya ɗaya ta hau dutse ko gaɓar kwari, aksil guda yakan danna ɗayar ƙasa, sai tayoyin biyu su ci gaba da riƙe hanya. Tazarar da ke tsakanin aksil da ƙasa ba ta canzawa komai nauyin kaya. A ɗaya tsarin kuwa, da zarar sifirin ya lotsa, cikin motar kan sauko kusa da ƙasa. Matsala ta fi tsanani idan an ɗaga mota: shaft yakan karkace fiye da yadda aka ƙera shi, robarsa ta yage, yashi ya shiga cikin giris, haɗin ya cinye kansa. Manyan tayoyi kuma suna ƙara wa bol-jon da sandar sitiyari wahala. Toyota kanta ta san da haka. Da ta fito da Land Cruiser 100 a 1998 mai ƙafa mai cin gashin kanta, sai ta bar samfurin 105 da aksil guda domin kasuwanni irin na Afirka da Ostareliya.

Masu ja da wannan magana suna da hujja mai ƙarfi. Motocin tseren Baja 1000, wanda ake yi a hamadar Meziko tun 1967, manyansu da ƙafa mai cin gashin kanta suke gudu, domin taya mara nauyi ta fi saurin bin gargada, sitiyari kuma ya fi natsuwa. Gaskiya ne aksil guda yana da nauyi, yana jijjiga direba a hanya mai tsakuwa, shokabzoba kuma yana saurin zafi. Amma motar tsere ba ta ɗauke da buhunan gero, tana da makanikai da kayan gyara jibge a kan hanya, kuma ana warware ƙafarta bayan kowace gasa. Wanda ya tashi daga Agadas zuwa Dirku ba shi da wannan gata.

Wasu za su ce ai Hilux ma tana ratsa hamadar da ke tsakanin Agadas da Dirku, kuma haka ne. Ƙarfinta yana nan muddin an bar ƙafarta kusa da yadda kamfani ya tsara. Ɓarnar tana zuwa ne daga ɗagawa ba lissafi da lodin da ya wuce kima. Saboda haka mai Hilux ya sa kuɗinsa a shokabzoba mai kyau da taya mai ƙwari, ya ɗaga kaɗan, ya riƙa duba robar shaft. Wanda kuwa sana'arsa kaya ce da nisan tafiya, ya nemi mota mai aksil guda tun farko, domin sassan ƙafarta kaɗan ne, kuma bakaniken ƙauye da sifana da injin walda zai iya tayar da ita ta kai gari. Kafin a biya kuɗin gyara, a tambayi kai wace hanya motar za ta bi, da nauyin da za ta ɗauka, da nisan garejin da ya fi kusa.