Tsadar gilashin sinima ba kaifin hoto take saya ba

Duk wanda ya shiga harkar ɗaukar hoto ya san gilashin da ake ɗaurawa a bakin kyamara kan fi ita kanta kyamarar tsada. Sai dai akwai wata fahimta da ke yawo tsakanin matasa masu ɗaukar biki da masu shirya finafinai, wai gilashin da aka ƙera domin sinima ya fi na hoto fitar da abu tangararau. Wanda ya yarda da haka zai iya zuba jarinsa inda ba ya buƙata.

Sau da yawa ƙwayar cikin iri ɗaya ce. Kamfanin Samyang na Koriya ta Kudu yana da gilasan fim da cikinsu bai bambanta da na hoto ba, gangar jikin kawai aka sauya.

Abin da mai fim yake biya shi ne natsuwar gilashi yayin motsi. Mai hoto zai saita fuska ya danna, shi ke nan. Mai fim kuwa zai ɗauke saiti daga fuskar amarya zuwa ta ango alhali kyamara tana ɗauka, kuma a nan gilashin hoto yake tona wa kansa asiri: hoton ya ɗan kumbura ya sace, kamar mai numfashi. Zoben saitinsa gajere ne, hannu na ɗan gocewa an wuce ido, shi kuwa na sinima yakan juya kusan digiri 300. Lambar haske ma ta bambanta. Alamar f lissafin faɗin ƙofar gilashi ce, alamar T kuma awon hasken da ya ratsa ne a zahiri, shi ya sa idan aka canza gilashi ana tsakiyar aiki haske ba ya tsalle.

Kaifi kuwa, manyan masu fim ba su cika binsa ba. A fim ɗin Dune: Part Two na 2024, Greig Fraser ya haɗa da tsofaffin gilasan Tarayyar Sobiyat da aka yi wa sabuwar ganga, saboda taushinsu. Gilashi mai tsananin kaifi ba ya rufa wa fuska asiri, kowane ƙurji da kowane layin hoda sai ya fito.

Mai ɗaukar hoton gini ko kayan talla yana da hujjar neman kaifi har gefen hoto. Amma matashin da ke shirya fim mai dogon zango a Kano da ɗan jarinsa, gilashin 50mm f/1.8 zai kai shi nesa, ragowar kuɗin ya sayi fitila da makirufo mai kyau.